Kurar Gindin Kuka

Rubuta yadda na faɗa, ɗan nan, kada ka gyara mini. Tun da maigidana Malam ya rasu hawaye ba sa yi mini wuya, in ka ga na yi shiru ka jira ni.

A Dayi na tashi. Bayan isha'i kakata, Inna Delu, takan tara mu bakin murhu tana kaɗi. A lokacin in dabba ta mutu ba yanka, gindin wata kuka ake jan ta a bayan gari, a bar wa kura. Kafin asuba ta share, ko wari ba a ji.

Inna takan ce, "Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne." Wai ranar rabon duniya mutum ya yi sammako ya kwashe rana da gona. Kura ta makara, ta tarar saura duhu. Ta ce ta karɓa, amma kowa ya tsaya a rabonsa. Mutum ya rantse.

Na ce, "Inna, in ya ƙwace duhun fa?"

"Ji ja'ira! Dafa shi zai yi ya ci?"

Sai aka buɗe kasuwar auduga dab da kukar. Masu awo suka rataya fitilun gas, motocin Funtuwa na kwana suna haska daji. Kura takan zo ta tsaya nesa, ba ta iya ƙarasowa. Mushe ya riƙa ruɓewa. Inna ta je da sandarta ta roƙi mai awo ya kashe fitila ɗaya kawai. Ya ce, "Iya, kurar ce ta aiko ki?" Aka yi ta dariya.

Yunwa ta zagayo da ita bayan gidanmu, inda duhu ya rage, ta ɗauke tunkiyar Baba. Maza suka bi ta da tocila. Baba ya ce da haske ya bugi idonta, cak ta tsaya, ko gudu ba ta gwada ba. Nan suka kashe ta. Da safe aka ga nononta cike. Inna ta ce a nemo raminta, ba wanda ya je. Ba ta ƙara yi mana tatsuniyar ba.

Da ina cewa kura ce ɓarauniya. Sai da na tsufa na gane mu muka fara shiga rabonta, kuma ba mai mayarwa. Jikokina ba su taɓa jin kukan kura ba. Rannan na gwada yi musu, suka ce Kaka ta shaƙe, suka kawo mini ruwa.