Zanen da Inna Adawiyya Ta Wanke

Duk wanda ya tashi a layinmu na Tudun Wada, in dai uwarsa ma'aikaciya ce, to ya hau bayan Inna Adawiyya. Ni ma a gidanta na yi rarrafe, lokacin mahaifiyata na aikin jinya. Ba allon suna a ƙofa. Inuwar dogonyaro ce kawai, da tabarmi, da tukunyar kunu. Dokarta ɗaya: kowace uwa ta bar zanen da ta kwana da shi, kuma ba a wanke shi. Da yaro ya fara rigima sai ta goya shi da zanen, ya ji ƙamshin uwarsa, ya yi barci. Har yau in na sha kunun tsamiya sai kewar tsakar gidan nan ta kama ni.

Da na haifi Jamilatu na koma koyarwa, ban yi shawara da kowa ba, na kai ta wurin Inna da zanena.

Bara sai ga jami'an gwamnati da shirin tallafa wa masu renon yara a gida. Suka kawo gidajen sauro da akwatin magani, suka kira horo. Inna ta dawo tana mita, wai yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba ce ke koya mata goyo da 'yar tsana. Amma ta ji daɗi, don ba a taɓa kiran aikinta sana'a ba. Sai dai akwai sharaɗi: mace ɗaya, yara shida. Nata bakwai ne.

Hankalin iyaye ya tashi, musamman Balkisu mai shara a asibiti, wadda ba ta da kowa a garin. Ni ko a jikina, har haƙuri nake ba su. Ai ni 'yar gida ce.

Wata Alhamis na zo ɗaukar Jamilatu, na tarar da zanena a wanke, a ninke.

"Murja, ke ɗiyata ta," in ji Inna, ba ta ko dube ni ba. "Waɗanga in na kore su, ba su da wurin zuwa. Ke ko kin yi hushi, gobe kina zowa gaishe ni."

Na yi fushin kuwa, har da kuka a hanya. Jamilatu ta koma hannun surukata. Washegari bayan sallar Juma'a na saya wa Inna goronta, na je gaishe ta.