Akwatin da na zaɓar wa Yaya Nura

Hajara, wani mafarki na yi a daren jiya. Ke ce kika tashi a gidan malamai, tun kina ƙarama kike jin ana fassara irin waɗannan abubuwa, shi ya sa na ce ke zan kawo wa. Amma kafin mafarkin sai na gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, in ba haka ba ba za ki gane kansa ba.

Kin san yayana Nura, Allah ya jiƙansa, wata biyar ke nan da rasuwarsa. Tun ranar da likita ya ce ƙodarsa ta taɓu ya ɗauki wata al'ada. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya shiga motarsa ya ɗaga gilashi, ya ɗauki muryarsa a waya yana yi wa 'yarsa Ummi magana. Shekararta uku. Ya ba ta labarin kakanninta, ya yi mata nasihar ranar da za ta girma, wani lokaci har waƙa yake mata da muryar nan tasa mai kama da injin markaɗe. Duk muryoyin ya tura su wata ma'ajiya a intanet saboda wayar ta cika.

Wata rana ya zo gidana ya ce ya gaji da mantuwa, yana son manhajar nan da ke adana kalmomin sirri, ka riƙe babba guda ɗaya a ka, ita ta riƙe maka sauran. Ya tace ya tace har saura biyu, wai ni da na karanci kwamfuta in zaɓar masa. Ta farkon tana da wurin sa sunan magaji, in mai ita ya mutu wanda aka sa sunansa ya nema, bayan 'yan kwanaki ta buɗe masa. Ta biyun ba ta da wannan, kai kaɗai ne, ko masu ita ba su da mabuɗi. Ya ce, "Auta, ni ta farkon ta fi kwanta mini. In sa sunan Sa'a, ko ba na nan ba za ta sha wahala ba." Sa'a ita ce matarsa.

Kin san ni da zuciya. Ina jin "ko ba na nan" raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Yaya, wane irin mugun fata ne wannan? Kana shan magani kana samun sauƙi, sai ka zauna kana rabon gado da ranka? Wallahi ka sa wannan, ba ni ba kai." Har da hawayena. Sannan na jawo bokona na rufe tsorona da shi, na ce ai ta biyun ma ta fi tsaro, ƙofa ɗaya ta fi biyu wuyar fasawa. Ya yi dariya ya ce shi ke nan, malama ta yanke hukunci. A gabana ya sauke ta biyun.

Bayan sadakar bakwai muka zauna neman muryoyin nan, ashe kalmar sirrin ma'ajiyar tana cikin manhajar, babbar kalmar kuma shi kaɗai ya san ta. Garin gwaje-gwajenmu wayar ta kulle kanta, mai gyara ya ce sai dai a wanke ta tas. Masu manhajar suka amso mana cikin ladabi cewa ba su da hanya. Anti Sa'a ba ta yi kuka ba ranar, cewa kawai ta yi, "Shekara tara muna tare, ashe bai yarda da ni ba, ko kalma ɗaya bai bar mini ba." Ina zaune gwiwata na taɓa tata, ban gaya mata ni na hana shi ba. Yanzu ta gama takaba, jibi za ta koma gidan iyayenta a Daura tare da Ummi, kuma har yau maganar nan ce a ranta.

To ga abin da na gani. Na tsinci kaina a wata kasuwa da rana tsaka, amma kasuwar a filin makarantarmu ta firamare take ci, har da tutar nan da ƙararrawar ƙarfe. Kowace rumfa akwatuna ake sayarwa, irin na ƙarfe masu fenti da muke tafiya da su makarantar kwana. Masu sayarwa bakinsu na motsi amma ba sauti, ba abin da ake ji sai kacau-kacau na makullai. Can na hango Yaya Nura cikin shuɗiyar shaddarsa, kumatunsa cike kamar kafin ciwo, ƙafafunsa ba kumburi. Akwati biyu ne a gabansa. Ɗaya an rataya masa mabuɗi biyu a zare, ɗayan sumul yake, ko ramin mabuɗi ban gani a jikinsa ba.

Ya ce, "Auta, wanne?"

A cikin mafarkin na san komai. Na san ya rasu, na san abin da ya biyo baya, har murna ta kama ni cewa an ba ni dama ta biyu. Na buɗe baki in ce ya ɗauki mai mabuɗi biyu, sai hannuna ya ɗaga da kansa ya nuna ɗayan. Na kama shi da hannun hagu ina janyowa ƙasa, ya ƙi, ya sandare kamar taɓarya. Yaya ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ɗora akwatin a ka ya juya.

Sai kawai na gan ni a bakin masallacin Juma'a, ƙarƙashin dalbejiyar da yake ajiye mota. Yana ciki, gilashi a rufe, wayar a bakinsa, yana magana yana murmushi, wani wurin ya tsaya ya share ido. Na buga gilashin da tafin hannu har ya yi mini zafi, bai waiwayo ba. Mutane na fitowa daga masallaci suna ratsa ni ta dama da hagu, kowa da mabuɗi rataye a wuya, ba wanda ya dube ni. Na zaga ɗaya ɓangaren in buɗe ƙofa, babu mariƙi, duk jikin motar ya zama ƙarfe mai fenti irin na akwatin.

Sai kawai ga ni a wani ofis mai dogon kanta, ba fanka ba taga, amma labulen yana kaɗawa. Akwatin na kan kanta. Wata mata ce zaune a baya, na kasa riƙe kamannin fuskarta, amma mayafina ne a jikinta, ruwan toka ɗin nan da kika ce ya tsufar da ni. Ta ce, "Kalma." Na ce Ummi. Ta buga hatimi a takarda ta ajiye gefe. Na ce Sa'adatu, na faɗi sunan mahaifiyarmu, na faɗi lambar motarsa, na faɗi surar da ya fi yawan ja a salla, har sunan tsokanar da muke kiransa muna yara na faɗa. Kowanne ta buga hatimi, kuma duk bugu ɗaya akwatin sai ya ƙara nitsewa cikin katakon. Na ce mata don girman Allah ta taimaka, yarinya ce marainiya ke jira. Ta amsa da muryata, tawa sak, har da gatsinen da nake yi in ina ji da ilimi, ta ce ai ƙofa ɗaya ta fi tsaro.

Na kifa kunnena a kan murfin. Yana ciki, Hajara. Muryar na fitowa can ƙasa kamar rediyon maƙwabta ta bayan katanga. Abin da na iya tsinta kawai shi ne, "Ummina, in kin girma," daga nan sai gunji.

Sai kawai tsakar gidan Yaya. An ɗaure katifu, an zuba kwanuka a buhu, ɗakuna duk a wangale ba komai ciki. Anti Sa'a na zaune a kan akwatin tana yi wa Ummi kitso, amma Ummin ta zama budurwa, dogon wuya irin na ubanta, ta ba ni baya. Ba ta juyo ba ta ce, "Gwaggo, yaya muryar Babana take?" Na gyara murya in kwaikwaya mata, iska ce kawai ta fito. Anti Sa'a ta tsayar da kitson, tsinken na hannunta, ta dube ni ba fushi ba fara'a, ta ce, "Auta, ranar da ya je gidanki me ya ce?" Sai ta ci gaba da kitsonta.

Na ɗaga kai sai ga Yaya a bakin zaure, takalmansa a hannu, bai shigo ba. Matarsa yake kallo, kallon da ban taɓa ganin ya yi mata a gaban mutane ba. Ya miƙo hannu, zaren nan ne mai mabuɗi biyu. Na zaci ita zai ba, sai ya sa mini a tafin hannu ya naɗe yatsuna a kai, bai ce uffan ba. Mota ta yi ham a waje. Kafin in juya an loda kaya, Anti Sa'a da Ummi suna baya a zaune, motar ta fara tafiya a hankali, tafiyar da ko tsohuwa za ta cim mata. Na bi su ina kiran Anti, na kai hannu daidai tagar, ita ma ta miƙo nata a buɗe. Yatsuna suka ƙi buɗuwa. Na sa haƙori ina ɓamɓarewa, motar na ƙara nisa, tana ta kallona hannunta a waje.

A nan na farka, ladan na kiran asuba, hannuna na dama a dunƙule, farcena ya yi shaida huɗu a tafin. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar jana'iza.

Muryoyin nan na san sun tafi, na daina yaudarar kaina. Ni na jawo, da bakina da taurin kaina, don kawai ba na son jin an ambaci mutuwa a ɗakina, ita kuwa ba ta fasa zuwa ba. Abin da ke cina shi ne baiwar Allah nan tana zargin mijinta da laifin da nawa ne, kuma ni kaɗai a duniya na ji shi da kunnena yana cewa sunanta yake son sawa. In na faɗa mata, na wanke shi, amma ban san da wane ido za ta ƙara kallona ba, ban san ko za ta bar ni in ƙara ɗaukar Ummi ba. In na yi shiru, haka za ta raini yarinyar nan tana ganin uban bai amince da uwarta ba.

Don Allah Hajara, ki duba mini, ko ki tambayar mini Babanku ba tare da kin kama sunana ba. Mamaci ya ba ka abu a mafarki bai yi magana ba, yafiya ce ko amana ya ɗora maka? Kuma tun da ita ya tsaya yana kallo, me ya sa ni ya damƙa wa?