Inna Ƙari da Tagar Kicin

Duk macen da ta daɗe tana girki a kicin ɗin makaranta, hannunta ne zai fara ba ka labari. Bakin babbar tukunya yana barin dogon layi a damtse, mai mai zafi yana barin ɗigo-ɗigo a bayan hannu. Ni ina da irin tabon nan, ƙawata ma tana da su, amma nata sun fi yawa, don ta riga ni shiga aikin, kuma ba ta da haƙurin neman tsumma kafin ta taɓa murfi.

Ina kiranta Yaya, ita kuma tana ce min Gajera, saboda sai na hau bulo nake iya juya babbar tukunya. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu tun 'yarsu tana goye, ba ta kuma yin aure ba. Ɗaki ɗaya take haya a bayan garejin makanikai, tagarta na kallon tulin tsofaffin tayoyi. A ciki akwai gadon ƙarfe, akwati, da rediyon da ta ɗaure da roba don kada batir ya zube. A ɗakin ta raini 'yarta har ta aurar da ita. Ta sha ce min can kwana kawai take yi, gidanta na gaske shi ne tagar kicin.

Taga ce mai murfin katako da ake ɗagawa a tokare da sanda in an kaɗa ƙararrawar abincin rana. Yara su yi layi da kwanukansu, ita tana ciki da ludayi. Ba kwano take kallo ba, fuska take kallo. Ta san wanda ya fito gida bai karya ba, ta san wanda uwarsa ke kwance. Sai ka ji tana cewa, "Kai mai wuyan zakara, matso," ta ƙara masa rabin ludayi. Da haka yara suka sa mata Inna Ƙari, har malamai suka ɗauka. In mai sito ya yi ƙorafin wake na saurin ƙarewa, sai ta ce masa hannunta ne ke rawa, tsufa ne, ya kai ƙarar tsufan.

Abin ya fara ne daga tsofaffin tabon. Layin nan na damtsenta na hagu, wanda ya warke tun kafin in san ta, sai ya kumbura, ya yi tauri, ya yi duhu yana ƙyalli. Sauran ma suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwa. Muka yi ta dariya, tana cewa tukwanen da ta zaga ne suka tuno da ita. Bayan 'yan watanni ƙananan ƙuraje masu tauri suka fito mata a gefen hanci, da fatar ido, da bayan wuya. Na tsokane ta ko man bilicin ta fara shafawa da tsufanta. Ta ce in ta samu saurayi ni za ta fara gaya wa.

Mai kemis ya ba ta man makero. Ta shafa har ya ƙare, ba abin da ya canza.

Wata rana wata uwa ta zo ɗaukar ɗanta da wuri, ta tsaya a gefen layi tana kallon hannun da ke zuba wa yaron abinci. Ta ɗauki ɗanta ta tafi. Kafin mako ya zagayo, kalmar ta cika makaranta: kuturta. Shugabar makaranta ta kira Yaya ofis. Ba ta yi mata faɗa ba, har kujera ta ba ta. Ta ce don kwanciyar hankalin iyaye, ta koma baya wajen wanke tukwane zuwa lokacin da za a san mene ne. Aka ba ni ludayin. Yaya ta tsaya a bayana ranar farko tana raɗa min wanda zan ƙara wa, sai aka ce nan ma kada ta tsaya.

Wajen wanke-wanken wani lungu ne tsakanin bangon kicin da katanga, da famfo ɗaya da kwata. Daga nan ana jin hayaniyar layi amma ba a ganin kowa. Sauran matan kicin suka ware mata kofi da cokali. Wadda ta fara ɗaure wa kofin zare don kada ya haɗu da namu, Yaya ce ta yi jinyarta lokacin da ta yi ɓari.

Muka fara zaryar asibiti. A ƙaramin asibitin unguwa wani ma'aikaci ya sa ta rufe ido, ya riƙa taɓa wuraren da auduga, tana cewa ga shi nan, ga shi nan. Tana ji sarai, alhali inda kuturta ta kama ba ya jin taɓi. Duk da haka ya ce a gwada maganin kuturta a gani. Ta sha shi wata da watanni. Ƙurajen ba su motsa ba, sai fatarta duka ta rine, ta yi wani duhu mai ja-ja, wanda ya sa masu magana suka ce to, ga shi ya tabbata. Wani wurin aka ce tarin fuka ne na fata, aka ɗora ta a kan wasu ƙwayoyin da suka hana ta cin abinci. Maƙwabtanta suka daina aron bokitinta. Surukinta ya ce a daina kai mata jikanta sai an ga yadda hali ya yi. Kusan shekara biyu muka yi a haka, kuma kowace safiya tana zuwa lungun nan ta ɗaura atamfarta ta aiki kamar mai jiran a kira ta.

'Yarta ce ta nace har aka tura mu babban asibiti wajen likitar fata. Wata siririya ce mai tabarau, ba ta kai 'yar Yaya shekaru ba. Ta kama damtsen da hannunta, ba safa, ta bi layin tabon da yatsa tana tambayar yaushe aka ƙone. Ta danna wani ɗan gilashi a kan ƙurjin hanci ta duba launinsa. Sannan ta ce ba za ta ba da magani ko ɗaya ba sai ta yanki fata kaɗan an duba a ɗakin gwaji. Aka yi allurar kashe zafi, aka cire ɗan abin da bai kai ƙwayar masara ba, aka ɗinke. Aka ɗauki jini, aka yi hoton ƙirji, aka duba ido. Da muka fito Yaya ta zauna a kan benci tana share hawaye. Na ɗauka ɗinkin ne. Ta ce a'a, yarinyar nan ta taɓa ta ba ta je ta wanke hannu da sauri ba.

Ranar sakamako likitar ta faɗi sunan ciwon, sarkoidosis. Yaya ta gwada faɗa ta kasa, daga nan har ƙarshe mai dogon suna take ce masa. Likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce masu tsaron jiki ne da kansu ke taruwa wuri ɗaya su dunƙule, ba a san abin da ke tayar da su ba, kuma suna son tsohon tabo. Ta ce ba kuturta ba ce, ba tarin fuka ba ne, ba a ɗaukarsa daga kowa, ba a ba kowa.

"'Yata," in ji Yaya, "zan iya riƙe ludayi?"

"Mama, ko jariri kika ɗauka ba abin da zai same shi."

Likitar ta ƙara da cewa ciwon ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Hoton ƙirji ya nuna ya taɓa ciki, kuma yakan taɓa zuciya. Ta ce in ta ji faɗuwar gaba, ko jiri, ko numfashi na yankewa, ta dawo maza. Na ji wannan da kyau. Yaya kuwa tun daga maganar jariri ba ta ƙara jin komai ba.

Daga asibiti ofishin shugaba muka wuce, ko gida ba mu biya ba. Shugaba ta saurara, ta ce alhamdulillahi, ta ce ita kam ta yarda.

"Amma Inna, iyayen yara ba su je asibitin ba. Fuska za su kalla. Ki bari ta washe."

"Ranki ya daɗe, likita ta ce ba ya yaɗuwa."

"Na ji. Ki bari ta washe tukuna."

Aka fara magani na gaskiya: man shafawa, allura a cikin manyan tabon, da ƙwayoyi iri biyu. Ɗaya daga ciki mai ƙarfi ce, likitar ta ce za a riƙa rage ta sannu a hankali, don in an daɗe a kanta tana da nata sharrin. Maganin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Tabon suka kwanta, hancin ya lafa. Fuskarta ta yi cika ta zagaye, tana cewa ga ta ta yi ƙibar masu kuɗi ba ta ci komai ba. Aka kawo mata jikanta, ya kwana a gadon ƙarfen.

Da aka rage ƙwayar, ƙurji biyu suka dawo gefen hanci. Ƙanana ne, sai ka matso za ka gani. Yaya ta je kemis ta sayo ƙari, ta koma shan yadda aka fara mata. Ƙafafunta suka kumbura, ƙishirwa ta dame ta. Sai kuma ta fara tsayawa a tsakiyar wanke tukunya ta dafe ƙirji, ta ce wani abu ne ke fuffuka a ciki kamar tsuntsu a kwando. Na ce mu koma wajen likitar. Ta ce in ta faɗa za a rubuta mata hutu, in ta tafi hutu an gama da ita, in bari a buɗe sabon zango ta karɓi tagarta, sannan ta je ta kwanta musu ko wata guda ne. Na gaya wa 'yarta, muka taru muka kai ta da faɗa. Likitar ta ɓata rai sosai kan ƙwayoyin, ta tura mu gwajin zuciya. A can aka ce na'urar ta lalace, aka ba mu rana mai nisa.

Aka buɗe sabon zango. Ta zo da sabuwar atamfar aiki, fuskarta sumul, sai baƙin tabo kaɗan inda ƙurajen suka kwanta. Shugaba ta dube ta ta ce lallai an samu sauƙi, amma kwamitin iyaye bai zauna ba tukuna. Ta ce ga abin da za a yi kafin nan: Yaya ta riƙa zubawa daga cikin kicin, bayan bango, ni in karɓi kwano a taga in miƙa mata, in ta zuba in mayar wa yaro.

Wato abincin da hannunta ya zuba ba shi da laifi. Ganinta ne laifin.

Ta karɓa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tsakanin tukwane biyu, ina miƙa mata kwano, tana tambayata, "Na wane ne, Gajera?" In na ce yaron nan ne mai tsagaggen kunne, sai ta ƙara. Amma waɗanda ta sani yawanci sun gama sun tafi, sababbin kuma ba su taɓa jin sunanta ba. Sai ta koma tambayar yaya wuyansa, yaya idonsa, ya yi kama da wanda ya karya? Layi na jira, ni kuma ba ni da idonta. Wani lokaci in ce mata ban sani ba. Kowace Juma'a takan je ofis ta tambaya ko kwamiti ya zauna. Kowace Juma'a a ce mata mako mai zuwa.

Wata Talata ce, ana saura kaɗan a kaɗa ƙararrawa. Mun sauke shinkafa, tana goge ludayi da gefen atamfarta. Ta ce min, "Gajera, riƙe wannan," kamar za ta gyara ɗankwali. Na karɓa. Sai ta zame daga kan kujerar a hankali, kanta ya jingina da buhun wake. Na kira ta, na yayyafa mata ruwa, na kira ta da sunan da uwarta ta sa mata. Ba ta amsa ba. Daga baya likitar ta ce wa 'yarta mai dogon sunan ne ya kai zuciya, ya tsayar da bugunta.

Aka kaɗa ƙararrawa muna kanta. Yara suka cika gaban taga suna buga kwanuka a jikin katako. Mai sito ya kawo motarsa bakin babbar ƙofa, wadda ta fi kusa, amma sai an ratsa layin yara. Shugaba ta shigo tana haki, ta duba, ta sa hannu a baki. Sannan ta ce a zagaya da motar, a fita da ita ta baya, kada yara su gani.

Ta lungun wanke-wanke muka fitar da ita, mu huɗu, muna tsallake kwata. Na so in shiga motar, shugaba ta riƙe min hannu ta ce yara ba su ci ba, in sallame su in biyo baya. Na koma na ɗaga murfin tagar na tokare. Yaron da ke gaba ya miƙo kwano ya ce yau mun makara. Na zuba masa.