Na Ce Mata Ta Iya Karatu

Na fi shekara ashirin ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare ta cikin gari, can wajen Goron Dutse, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri. Ina da faɗa, ban musa ba. Amma da alli da bakin nan nawa na fitar da yara da yawa daga duhu. Ba, be, bi, bo, bu, mu yi ta yi har muryata ta dushe, wani ya gane a wata uku, wani sai shekara ta zagayo.

Sai ga shi wata shekara an kawo mana kwamfutocin hannu. Wasu samari ne suka zo da su a kwali, fes-fes da su, kowa da katin aiki a wuya. Suka tara mu a ofishin hedimasta, babbansu ya ce daga yau na'urar ce za ta koya wa yara karatu, mu namu kawai mu kula kada a fasa. Na ce, "Ɗan nan, to ni in yi me, in koma gida in yi ta tankaɗe?" Aka yi dariya. Hedimasta ya harare ni.

Abin kuwa da ban sha'awa, kada in yi masa ƙarya. Hoto zai fito, a ce na akuya, da rubutu a ƙasansa. Wata murya mai daɗi ta ce, "Akuya tana cin ciyawa." Yaro ya maimaita, in ya faɗa daidai sai tauraro ya fito, a tafa masa. Yara huɗu ko biyar a kan guda ɗaya, kai da kai, ba mai neman fita fitsari. Ajin da nake yini ina daka tsawa ya yi tsit. Ni kaina har na fara jin kunyar maganar da na yi wa babban samarin nan.

A ajin akwai wata yarinya 'yar shekara bakwai, siririya, mai ido tar-tar. Ni na sa aka kawo ta makaranta. Uwarta tana soya awara a soron gidan da suke haya, lungu biyu tsakaninmu, yarinyar ce ke kai mata bakin titi. Mijin matar yana can kudu yana aikin lodi, sai ya shekara bai zo ba. Na yi ta zarya gidan har matar ta gaji da ni. Ranar da ta amince, ba don ta yarda da boko ba ne. Wata damuwa ce take da ita. Duk saƙon da ya shigo 'yar ƙaramar wayarta, sai ta kai wa mai shagon bakin lungu ya karanta mata, shi kuwa bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin la'asar kowa ya san abin da mijinta ya ce.

Ta ce, "Malama, na ba ki shekara ɗaya. In ta iya karanta mini saƙo, ta ci gaba da zuwa har inda Allah ya nufa. In ba ta iya ba, ki bar mini abata, don hannuna ɗaya ne."

Na ce, "Shekara ma ta yi yawa." Haka na ce, da bakina.

Abin da samarin nan ba su sani ba, ni da na sani kuma na manta, shi ne yaranmu da kunne suke tashi. Kafin yaro ya taka ajina ya riga ya yi shekara biyu ko uku a makarantar allo, malam ya biya masa, shi ya maimaita, har abin ya zauna daram a ka. Wannan baiwa ce, ni ma da ita na tashi. To amma a can akwai malamin da zai riƙe yatsan yaro ya ɗora a kan baƙi ya ce wannan mene ne. Na'urar nan ba ta riƙe yatsan kowa. Ita dai ta faɗa, a maimaita mata, ta tafa. Cikin 'yan makonni yaran sun haddace ta kaf, har da inda muryar take jan numfashi. Suna yi suna rangaji gaba da baya, kamar masu tilawa.

Yarinyar nan ta fi kowa. Tun kafin muryar ta buɗe baki ta riga ta faɗa. Da samarin suka dawo duba aiki, ita na tura gaba. Ta zuba musu darasi bayan darasi ba gargada, suka ɗauke ta hoto, hedimasta yana ta washe baki. Ni kuwa kaina ya yi girma. Da aka tashi ban ko je gida ba, na zarce soron uwarta, na same ta a gaban kasko, na ce, "Albishirinki. 'Yarki ta iya karatu."

Ta ajiye matsamin, ta ce, "Don Allah, Malama?" Na ce wallahi. Har rantsuwa na yi. Ta cika mini leda da awara, na ce a'a, ta ce sai na karɓa.

Kalmar nan ta karatu ita ta ci ni. A bakinmu wanda ya biya abin da ya haddace karatu ya yi, wanda ya dubi takarda ya fitar da abin da bai taɓa ji ba shi ma karatu ya yi. Ni na ga na farko, na je na yi wa matar alkawarin na biyu.

Kuma ba zan ce ban ga alama ba. Wata rana mun kwana uku ba wuta a unguwar, cajin na'urorin ya ƙare ana tsakiyar darasi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Sauran yara suka hau ihu, ita kuwa ko a jikinta. Ta ci gaba da jan yatsa a kan baƙin gilashi tana biyawa, har ta kai ƙarshen darasin. Na ce a raina gobe zan ɗauko alli in gwada su ɗaya bayan ɗaya. Gobe ta zo, aka kawo wuta, aji ya yi shiru, ni kuma ga ciwon gwiwa. Na ce sai jibi. Gaskiyar magana tsoron abin da zan gani nake yi.

Bayan kamar wata biyu, ana cikin darasin safe, na ga mutum a bakin ƙofar aji. Uwar yarinyar ce, da hijabi har ƙasa, idanunta sun kumbura. Ba ta taɓa taka makarantar ba. Na fito na ce, "Lafiya, 'yar'uwa?" Ta miƙo mini wayar, ta ce, "Malama, karanta mini wannan."

Saƙo ne daga ƙanenta na ƙauye. Ya ce ya kira bai same ta ba, Inna jiki ya yi tsanani, tana ta kiran sunanta, ta taho yau ko gobe. Na duba ranar da aka turo, kwana biyar ke nan.

Ta ce, "Ranar da ya shigo na ba ta. Ta duba, ta ce Baba ne, yana gaishe mu, ya ce yana nan lafiya, yaya yara. Na ce Allah ya yi mata albarka. Shekaranjiya aka aiko mutum takanas ya gaya mini an yi jana'izar Inna."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai a lokacin na gane. Yarinyar ta sha raka uwarta wajen mai shago, ta ji yadda saƙon ubanta yake farawa da yadda yake ƙarewa, ta haddace shi ma. Tun ranar da na kai albishir, duk saƙon da ya shigo haka take biya wa uwarta, uwar tana jin daɗi ta huta da mai shago. Ba ƙarya yarinyar take yi ba. Ita a saninta haka ake karatu: a ga rubutu, a faɗi abin da ake faɗa. Wa ya taɓa nuna mata wani abu daban?

Na kira ta, ta taso da murnarta ganin uwarta. Na ɗauki alli na rubuta a allo, manya-manya, kalma ɗaya tak, wadda ta faɗa ya fi a ƙirga. Akuya. Ba hoto, ba murya. Na ce, "Mene ne wannan?" Ta dubi allon, ta dube ni, ta sake duban allon. Ta ce a hankali, "Malama, ki fara faɗa mini."

Na ji kamar in kwashe na'urorin nan in watsa su a kwata. Amma da wa zan yi faɗan? Su aikin da aka gina su a kai suka yi. Ni ce mai alli a hannu.

Na ja matar gefe, na ce, "Ki ba ni wata uku. Wata uku kacal, ni da ita, da alli. Har gida zan riƙa zuwa."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta gyara hijabinta ta ce, "Malama, ni da ban iya ba, na san ban iya ba, shi ya sa nake kai wa a karanta mini. Da kin bar ni a haka, da na ga uwata."

Ta kama hannun 'yarta suka fita. Yarinyar tana waige, don ta bar takalminta ɗaya a ƙarƙashin benci, uwar ba ta tsaya ba. Da aka tashi na ba wata maƙociyarsu ta kai mata. Ba ta sake dawowa ajina ba, ni kuma har yau ban iya zuwa na yi wa matar ta'aziyya ba.