Fonsie Gilheany da Gashin Jimina

To Nuala jikata, jawo kujera kusa da murhu ki ɗauki biro. Ni ban san baƙi ba, amma kaina bai ruɓe ba tukuna. Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini magana irin ta 'yan makaranta.

Fonsie Gilheany baduku ne a nan Ballinamore, Allah ya ji ƙansa. Tare muka tashi. A duk ƙasar Leitrim ban ga mai riƙon kwabo kamarsa ba. Mutumin da ke ɗinka wa gari takalma, amma bel ɗin wando ya gagare shi, da waya yake ɗaure ƙugunsa. Ya ce fata ta sayarwa ce, ba ta sawa ba.

Abu ɗaya ne ya shiga ransa, kamun faik. Kin dai san shi, dogon kifin nan mai baki kamar na agwagwa, haƙora cunkus kamar allurai. Kowa da tsutsa ko ƙaramin kifi yake kama shi. Fonsie kuwa ya ga Turawan Ingilishi masu zuwa hutu suna ɗaura gashin tsuntsu a ƙugiya, su wulwula zare a iska, su jefa, kifi ya ɗauka abinci ne. Su otal suke kwana, su yi hayar jirgi da mai tuƙi. Fonsie ya ce mini, "Dinny, duk abin da suke yi da fam goma, ni zan yi shi ba ko sisi."

Ga yadda ya tsara tafiyar. Jaki da amalanke, na maƙwabcinsa. Kwale-kwale, na ɗan kawunsa a tafkin Garadice, mai yoyo. Kwana a rumbun ciyawa. Guzuri dafaffen dankali da shayi a kwalba, an cusa kwalbar cikin safa don kar ya huce. Sandar fatsa kuwa gora ce da ya roƙo a kantin darduma. Mai tuƙi, ni.

Na ce, "To wayar bakin ƙugiya fa? Kifin nan yana datse zare."

Ya ce, "Zaren dukancina ne, na shafe shi da kakin zuma. Ko kai ba ka iya datse shi."

"Ai ni haƙorana huɗu."

"To shi ma ba ka ƙirga nasa ba."

Zakaran gidansa ya riga ya zama abin tausayi, duk jelar ta ƙare a ƙugiya, kuma ko kifi ɗaya bai taɓa kallon ta ba. Ashe Fonsie ya sa ido a wani wuri. Matarsa Attracta tana da malafar zuwa coci, guda ɗaya tak, yayarta ta aiko mata daga Boston. A jikinta akwai gashin jimina, dogo, an rina shi ja-ja. Attracta mace ce da in ta yi gyaran murya kare ke fita daga ɗaki. Kuma ranar Asabar ɗin nan za a ɗaura auren 'yarsu Breda da ɗan gidan Tierney, masu kantin magani, masu ji da kai. Wata guda ta yi tana goge malafar nan kafin ta adana ta.

Mun tashi ranar Alhamis. Sai da muka kai tsakiyar ruwa ya zaro abu daga cikin riga. Ina gani na saki filafili.

Na ce, "Fonsie, ka haukace? Gashin malafar Attracta ne!"

Ya ce, "Aro na yi. Malafar na cikin kwali a kan kabad, ba za ta buɗe ba sai Asabar da safe. Ya ɗan jiƙa, ya bushe, ya koma. Tuƙa mu bakin ciyayin can."

Jifa ɗaya ya yi. Ɗaya fa, Nuala. Gashin na lilo a ruwa kamar amarya, sai ruwa ya tsage. Wani faik kamar cinyata ya hau shi. Gora ta tanƙware, Fonsie ya yi ihu, sai ji muka yi tas. Zare ya dawo shi kaɗai yana reto.

Ruwa na ta shigowa ta ƙasa, ba wanda ya kwashe.

Can ya ce, "Dinny, nawa ne kuɗin jirgi zuwa Amurka?"

Na ce, "Ba ka biya."

"Gaskiya ne."

Abin da ya cece mu, faik ba ya barin unguwarsa, kuma ba ya ƙoshi. In ya yi kwanto a gindin ciyawa, nan za ka same shi gobe. To ranar Juma'a tun safe muka koma. Muka jefa masa jelar zakara, ya ƙi. Muka jefa gashin jelar jaki, ya ƙi. Har sau biyu muka hango shi yana wucewa a ƙarƙashinmu, gashin jimina a gefen baki kamar mai shan lofe. Fonsie ya cire hula yana roƙonsa. "Haba ranka ya daɗe, ka dubi girman aure."

Rana ta karkata, sai na ga yana kallona. Lokacin gemuna ja ne wur, har ƙirji. Kakarki don shi ta aure ni.

Na ce, "Kar ka soma."

Ya ce, "Ja yake so, Dinny. Gemu yana tsirowa. Ni in Attracta ta gama da ni ba zan tsiro ba."

Da wuƙar dukanci ya yanke mini rabi, ɓangaren hagu. Ya ɗaure shi a ƙugiya. Na ce wannan karon in ba waya ba gemuna ba ya shiga ruwa. Ya duba jirgi, ya duba ni, ya yi ajiyar zuciya, ya kwance ta ƙugunsa.

Jifa na uku kifin ya kama. Fonsie ya miƙe tsaye, hannu biyu a gora, wando ya sauka har idon sawu. Ga jirgin Ingilishi na wucewa da matansu. Ya ce, "Ja mini wando!" Na ce, "In ja wando ko in kwashe ruwa?" Ya ce, "Kwashe ruwa!" Haka ya yi rabin awa yana fama, iska na kaɗa shi, har muka jawo dodon cikin jirgi. Gashin na nan, ya yi yauƙi, amma yana nan.

Ya wanke shi, ya busar a bakin murhuna, ya lallaɓa ya mayar. Kifin kuma ya miƙa wa Attracta ya ce gudummawarsa ce ta biki. Har ta yi masa murmushi.

Ranar Asabar a coci, malafa ta yi kyau, sai dai wani ɗan ƙarni da mutane suka ɗora wa Fada, limamin cocin. An gama, an fito ƙofa. Misis Tierney, uwar ango, ta zo da mayafin gashin dila a wuya, suka rungumi juna. Da suka zo rabuwa, abu ya ƙi. Ashe Fonsie bai cire ƙugiyar ba, ya ɓoye ta cikin gashin, wai don yana so ya sake aro ranar Litinin.

Misis Tierney ta ja baya, malafa ta bi ta, Attracta ta bi malafa. Fonsie kuwa bakinsa ya riga hankalinsa. A gaban Fada da kowa ya ɗaga murya, "Sassauta mata, Attracta! Bar ta ta gaji tukuna!"

Attracta ta zare ƙugiyar a hankali. Ta dube ta. Ta dubi rabin gemuna. Ta dubi mijinta.

Ta ce, "Maigida, ashe tare muka yi kamun kifin nan."

Aka ci biki lafiya, aka cinye faik. Washegari Lahadi ta ɗora masa malafar a ka, ta riƙe hannunsa, suka bi tsakiyar gari tun daga gida har ƙofar coci, tana tsayawa gaida kowa. A ƙofa ta tsige gashin ta soka masa a aljihu, ta ce ya riƙe, ita ba ta yawo da ƙarni.

Shekara ashirin da shida yana jefa gashin nan a Garadice. Ko kifi ɗaya bai sake kallon sa ba. Sa aya nan, ki zubo mini shayi.