Goyo a Kan Ƙafar Roba

Damina ta biyu ke nan da yanke mini ƙafar hagu, sama da gwiwa, bayan motar da ta kwaso mu daga biki ta kife a hanyar Kabo. Ƙafar robar da aka haɗa mini a Kano tana da gwiwar ƙarfe, kuma gwiwar nan ba ta karɓar uzuri. In na taka da diddige na miƙe ƙugu, sai ta tsaya kyam. In nauyina ya faɗa kan yatsu kafin lokaci, sai ta lanƙwashe ba sallama, in tsinci kaina a ƙasa. Tsoron haka ya koya mini wata irin tafiya: in jefa ƙafar gefe, in zagayo da ita, in yi maza in mayar da nauyi kan ta dama. Kafin la'asar bayana ya riƙe.

Shi ya sa da na haihu, Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce goyo nata ne. "Ke dai ki ba ta nono," in ji ta. Ban yi musu ba.

Ranar da abin ya faru, Malam, maigidana, ya tafi Kabo sayo taki, Inna da matan gidan sun tafi bikin suna a ƙauyen Jama'a, maza kuma suna gona mai nisa. Gidanmu shi kaɗai ne a tsakiyar gonaki. Yarinyar ta tashi da ɗumin jiki, amma ta sha nono ta yi wasa, har Inna ta ce haƙori ne. Wajen azahar ina tankaɗe na ji wani irin sauti daga kan tabarma. Ina juyawa na ga idonta ya kakkafe, hannuwanta suna fizga, ga kumfa a baki.

Na yi salati, na ƙwala kira. Babu wanda ya amsa. Wayata kuwa tun jiya ba caji.

Ba zan iya rungumarta ba, don hannu ɗaya na sanda ne. Na zauna a kan turmi, na ɗora ta a baya, na ja zani, na ɗaure majanyi tamau. Da na miƙe sai na ji duk tsayuwar da na koya ta sauya. Nauyinta yana jana baya, ni kuma jikina yana so ya sunkuya, ga shi sunkuyawa ce take sakin gwiwar.

An yi ruwa da safe. Burtalin da ke fita titi ya zama taɓo, shanu sun dama shi. Ƙafar roba ba ta gaya wa mutum abin da ta taka, sai da ido ake tafiya da ita. Na kafa ido a ƙasa ina faɗa wa kaina a fili: diddige, ƙugu, diddige, ƙugu. Zafin jikin yarinyar yana ratsa rigata. Zuciyata tana cewa in ruga, ƙafar tana cewa a hankali.

Gumi ya jiƙa safar da nake sa wa dungun, ya fara zamewa a cikin kwarmin robar. Duk taku sai na ji ya fito kaɗan ya koma, yana gurzar fata. Wajen wata tsamiya tafin robar ya nutse a laka. Na ja, ya ƙi. Na sake ja da ƙarfi, ya fito, amma na sauke shi a kan yatsu. Gwiwar ta tafi.

Abin da na iya yi kawai shi ne na saki sanda na faɗi ta gaba, a kan tafukan hannuna, don kada in danne ta. Na zauna haka a durƙushe, laka har haɓa, ina saurare. Ba motsi a bayana. Na miƙa hannu na lalubi fuskarta, na sa yatsa a hancinta. Da ƙyar na ji ɗan numfashi mai zafi.

Na rarrafa na kama saiwar tsamiyar, na miƙe a kan ta dama, na gyara robar da hannu don ta karkace ciki. Daga nan ban ƙara lanƙwasa gwiwar ba, jan ta na riƙa yi a miƙe kamar itace har na ga kwalta.

Wani dattijo a kan babur ya wuce ni, sai ya ja birki ya dawo.

"Subhanallahi! Baiwar Allah, lafiya?"

"Baba, yarinya ce take jijjiga. Asibitin Gwarzo, don Allah."

Ya dubi ƙafar. Ya kwantar da babur ɗin gefe har na zauna, ya ɗaga robar da hannunsa ya ɗora a kan mataki. "Riƙe rigata da kyau, 'yata. Kada ki waiwaya, ki yi ta addu'a."

A asibiti wata ma'aikaciya ta kwance majanyin ta ruga ciki da yarinyar. Zazzaɓin cizon sauro ne. Aka yi mata allura, aka sa ƙarin ruwa. Ina zaune a benci sai wata ta nuna ƙasa ta ce, "Hajiya, jini ne fa yake bin ƙafarki." Sai a lokacin na ji raɗaɗi. Da aka zare robar, fatar dungun ta saɓule, safar ta manne da ciwon.

Malam ya iso ana kiran magariba, a rikice, taki ma a Kabo ya baro shi. Yana tsaye a kanmu yarinyar ta buɗe ido, ta yamutsa fuska, ta fashe da kuka tana neman nono.

Ita ta warke kafin ni. Har aka yanke gero ina kan sanduna, ciwon bai rufe ba. Da muka koma Kano, mai haɗa ƙafar ya ce dungun ya rame, kwarmin ya yi masa yawa tun tuni, shi ya sa nake jefa ƙafar gefe. Ya sake gwada ni, ya yi sabo, na koma koyon tafiya daga farko tsakanin ƙarafa biyu na dafawa.