Abin da Baba Yake Nunawa a Silin

Mahaifina ya yi sama da shekara talatin yana yi wa mutane adon silin a Jos. Yakan kafa ragar waya a jikin katakon rufi, ya shafe ta da farar filasta mai kauri, kafin ta bushe ya bi ta da wani mataji da ya yanka daga tsohuwar taya, yana murza hannu, sai zane ya fito jere-jere kamar ɓawon kifi. Ɗakinsa na gidanmu a Anguwan Rogo shi ya fara yi wa wannan ado tun ba a haife ni ba. A ɗakin ya kwanta lokacin da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, ya kuma ɗauke masa magana.

Ni ɗinki nake yi, gidan mijina layi uku ne tsakaninsa da gidanmu. Yayana yana aiki a Bauchi, saboda haka jinya ta zama tamu ni da Umma. Kullum in na sallami yara makaranta sai in taho, mu goge masa jiki, mu juya shi, in ba shi kunu da cokali.

A wata na huɗu da kwanciyarsa muka shiga Agusta. Ruwa ya yi ta sauka, in ya ɗauke da safe ya dawo da azahar. Saboda sanyi muka rufe tagar ɗakin, muka saki labule mai kauri. Wuta kuwa ba ta zama, ɗakin kullum duhu-duhu ne ko da rana tsaka.

Wata Talata ina ba shi kunu ya kawar da baki. Ya ƙura wa sama ido, ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda shi kaɗai ke motsi, ya miƙe ɗan yatsa manuni. Wani gurnani yana fita daga maƙogwaronsa. Cokalin ya suɓuce mini. Na san abin da ake nufi in marar lafiya ya ɗaga wannan yatsa. Na kira Umma, ta shigo hannunta da kumfar wanki, tana ganinsa ta durƙusa a bakin gado ta fara karanta masa kalmar shahada. Ni ma na kama. Muna yi yana girgiza kai, hawaye na gangarowa cikin kunnensa.

Bai rasu ranar ba. Washegari ya sake, jibi ma haka. Limamin masallacin layinmu ya zo ya yi addu'a, ya ce mu yi haƙuri mu yawaita karatu a kusa da shi. Gwaggona, ƙanwar Baba, ta zo daga unguwar Abatuwa. Da ta fito ta ja ni gefe a tsakar gida ta ce, "Ki kira yayanki. Wanda tafiya ta matso masa yakan ga abin da mu ba ma gani."

Tun daga wannan magana na daina ɗaga kai a ɗakin. In na shiga, idona na kan bargo ko kan kwanon kunu. Ina jin inda Baba yake kallo a bayan wuyana, kamar akwai wani a can sama da yake jiran in waiga. Ba na son Umma ta fita ta bar ni ni kaɗai da shi. Sau biyu na ga farin gari a kan bargonsa, na kakkaɓe, na ɗauka hodar da muke shafa masa ce don kada bayansa ya yi gyambo. Ya daina cin abinci sosai. In na zo fita sai ya damƙe mini gefen zani da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ni kuwa in ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ina cewa, "Baba, yanzu zan dawo."

Kwana tara muka yi a haka.

A rana ta goma, Alhamis, abokin aikinsa ya zo. Dattijo ne Kirista, ɗan asalin ƙauyukan da ke bayan gari, sun yi shekara ashirin suna hawa tsani ɗaya da Baba. Kawu muke ce masa. Su kuwa kowa "Oga" yake kiran ɗan'uwansa, ban taɓa sanin wane ne ogan gaske ba. Hausar Kawu ba ta bambance mace da namiji, ni da Umma duk "kai" ne a wurinsa. Ya zo da dankalin turawa a buhu daga gonarsa, ya ce ciwon gwiwa ne ya hana shi leƙowa tun farkon damina.

Na shigar da shi. Baba yana ganinsa ya fara wannan gurnani, yatsa a sama. Na ce a hankali, "Haka yake yi, Kawu. An ce lokaci ne ya matso."

Kawu ya matsa bakin gadon. Ya dubi yatsan, ya bi shi da ido har sama. Ya daɗe kansa a ɗage. Sannan ya ce, "Buɗe labule. Kawo mini dogon sanda."

Na buɗe labulen, na ɗauko gorar da muke tokare igiyar shanya. Ya ƙwanƙwasa silin ta wajen ƙofa, ya ba da sauti mai tauri. Ya matsa, ya taɓa saitin gadon a hankali. Sautin ya fito a dushe kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali, farin gari ya zubo a kan ƙirjin Baba. Sai a lokacin na ɗaga kai. Silin ya yi ciki, ya sauko kamar tumbin akuya mai juna biyu, daidai kan gadon. Wata tsaga ta bi ta cikin zanen ɓawon kifin, ta ɓuya a lanƙwasarsa, in ba wanda ya san zanen ba babu mai lura da ita.

"Oga, na gani," in ji Kawu. Baba ya sauke hannunsa a kan bargo, ya rufe ido.

Kawu ya juyo gare ni. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar yana tsoron silin ya ji. "Ruwa ya cika a ciki. Katako ya ruɓe. Kira mamanka, mu fitar da shi yanzu. Kada kowa ya buga ƙofa."

Gadon ba zai bi ta ƙofa ba, kuma Baba mutum ne mai jiki, ciwon bai rage masa nauyi sosai ba. Maza duk sun fita nema, maƙwabcinmu mahauci ba ya dawowa sai la'asar. Na ce bari in ruga bakin titi in kira masu Keke Napep. Kawu ya nuna mini taga. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Ya ce babu lokaci.

Muka tura bargo ƙarƙashinsa kamar yadda muke yi in za mu juya shi. Kawu ya kama ta kai, ni da Umma muka kama ta ƙafa. Don in kama da kyau sai da na hau gadon, kaina ya rage kaɗan ya taɓa wurin da ya kumbura. Na ji sanyinsa a goshina, da warin jiƙaƙƙen katako. Ruwa ya sauko a kan kwano da ƙarfi. Umma tana ta Innalillahi a ƙasan numfashi. Da muka ɗaga, gwiwar Kawu ta ƙi, ya durƙusa, kan Baba ya kusa bugun ƙarfen gado. Muka tsaya cak, babu mai motsi. A sama na ji wani ƙara siriri, irin na ƙusa in tana zarewa daga katako.

"Ja," in ji Kawu. "Kada ka ɗaga, ja kawai."

Muka sauke shi ƙasa, muka ja bargon a kan siminti har muka ƙetare dokin ƙofa zuwa falo. Ƙafarsa da ta shanye ta maƙale a jikin ƙofa, ni na koma na lanƙwasa ta.

Silin bai faɗo ba. Muka zauna a falo muna haki, ƙofar ɗakin a buɗe, muna kallon gadon da babu kowa. Umma ta tuna magungunansa suna kan taga, ta miƙe. Kawu ya tare ta da hannu. Ya ce in an huda gefe ruwan ya tsiyaye, wataƙila a ceci sauran aikin. Ya ce in riƙe masa baho daga bakin ƙofa. Ban so ba, amma na kasa ce wa dattijo a'a bayan abin da ya yi. Ya soka gorar ta kusa da bango. Ruwa ja kamar shayi ya ɓulɓulo, ya cika bahon kafin in gyara tsayuwa. Ƙaran nan ya dawo, wannan karon da yawa a jere. Kawu ya yar da gorar ya fizgo ni baya.

Rabin silin ya sauko gaba ɗaya. Ƙura da ruwa suka fantsamo har falo. Da ta lafa na leƙa. Ƙarfen gadon ta wajen kai ya lotse. Wani ɓangare na filastar, da raga da katako a jikinsa, yana kwance inda matashin Baba yake. Daga baya na gwada ɗaga shi da hannu biyu na kasa.

Na rarrafa wurin Baba, na kama hannunsa na hagu. Na ce, "Baba, ka yafe mana. Kwana tara kana faɗa mana." Ya dube ni. Bai matse hannuna ba, bai kuma janye nasa ba. Umma ta juya fuska bango tana kuka. Kawu ya zauna a kan buhun dankalinsa yana murza gwiwa.

Yayana, da na kira kamar yadda Gwaggo ta ce, ya iso da yamma, ya taho da shirin zaman makoki a ransa, ya tarar da Baba a kan katifa a falo yana shan kunu. Baba ya shanye kofi biyu.

Da damina ta ja baya Kawu ya hau rufin. Ƙusoshi uku ne suka yi tsatsa suka bar rami, ruwa yana bin katako ɗaya yana taruwa wuri guda. Shi da yayana suka je kasuwar Katako suka zaɓo sabon katako, aka sauya fallen kwano biyu. Ranar shafe, muka zaunar da Baba a kujera a bakin ƙofa. In Kawu ya kwaɓa filasta sai ya kawo masa a cokalin gini, Baba ya murza da yatsa, in ta yi ruwa ya ture. Sau uku yana turewa. Da aka zo zane, hannun Kawu bai kai nasa laushi ba, ɓawon ya fito manya-manya. Baba ya yi ta gurnani. Kawu ya ce daga kan tsani, "Oga, in ba ka so, tashi ka zo ka yi." Gefen bakin Baba mai motsi ya ɗan ɗaga.

Duk da haka bai yarda ya koma ɗakin ba. In muka nufi ƙofar da shi sai ya riƙe bango. A falo ya yi sauran shekara biyu da Allah ya ba shi, a gefen taga, labule a buɗe.

Ni kuma abin bai sake ni ba. A gidan biki, a asibiti, a ɗakin ƙawata, ina shiga sai na duba sama kafin in zaɓi wurin zama, har mijina ya gaji da yi mini magana. Umma ce ke kwana a ɗakin yanzu. Ta ce ita ba ta jin komai, amma ta sa an matsar da gadon jikin bango ta wajen ƙofa, ɓangaren tsohon aikin da bai faɗo ba.